Mun Tafi Alƙahira Neman Wuƙa

Daren da za mu tashi daga Kano, ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Azhar ya kira ni har sau biyu a kan magana ɗaya. "Don Allah ku zazzage jakar Alhaji kafin ku fito. In akwai tiramol, ko ƙwaya ɗaya ce, a bar ta a gida." Na ce ai Yayana don ciwo yake sha. Ya ce ita ma Baturiyar Ingilar da aka kama a filin jirgin Hurgada a 2017 haka ta ce, ƙwaya wajen 290 ta ɗauko wa wani mai ciwon baya, kotun Masar ta yanka mata shekara uku. Muka zazzage jakar a tsakar ɗaki. Tiramol na nan, ga diklofenak, ga firegabalin, ga wani haɗi na kemis ƙulle cikin farar leda wanda ba mai iya faɗin sunansa, ga man zafi, ga gora biyu na tsimin maganin basir, domin majalisar Yaya ta riga ta yanke hukunci cewa basir ne ya hau masa baya.

Shekarar Yayana 47. Atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma kafin ya mallaki shago ya yi shekaru yana sungumar dila. Amma ba dila ce ta kayar da shi ba. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta, atishawa ta zo masa, shi ke nan ya durƙushe. Kwana biyu ciwon na kwankwaso, a na uku ya gangara ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya da sha-raɓa har ƙaramin yatsa. Ya ce kamar minjirya ce kwance a cikin ƙafar, da ya yi tari sai ta motsa. Likitan ƙashi a Kano ya sa aka yi hoton MRI, ya duba, ya ce guringuntsi ne ya zame ya danne jijiya, a sha magani, a je gashi, a dawo bayan mako shida. Yaya ya fito yana huci. Mutum ba ya iya ruku'u, a ce masa ya je ya dawo? Ai ba su da kayan aiki ne, in ji abokai, Masar za ka, can yau ka je gobe a yi maka. A mako na shida na ciwon muka hau jirgi, ni ne ɗan jinya. Yawancin tafiyar a tsaye ya yi ta, dafe da kujerar baya kusa da ban ɗaki, don zama ya fi komai tayar masa da ciwon.

Masaukinmu a Madinatu Nasr yake, hawa na bakwai. Washegari wani dillali da aka haɗa mu da shi tun daga gida ya kai mu wani asibiti mai ƙyalli, ƙasa kamar a zuba tuwo a ci. Likitan ya ɗaga hoton a fitila, ya nuna wani baƙin ƙullutu da bakin biro, ya ce "masamir wa shara'ih", wato kusoshi da faifan ƙarfe, a ɗaure ƙasusuwa biyu su zama ɗaya. Aka rubuto kuɗi da dala. Na dubi Yaya ina zaton zai firgita, sai na ga fuskarsa ta washe. Kuɗin ya yi daidai da girman azabar da yake sha, a karon farko an ɗauki ciwonsa da daraja. Sai da muka shiga mota na tuna cewa har muka fito ba a ce ya cire safa ba.

Ɗalibin nan na Azhar ne ya nace a ga wani. Ya ce akwai wani dattijon farfesa a Duƙƙi, a can malamansu ke zuwa. Aka ba mu ƙarfe goma sha ɗaya, na ɗauka na safe ne, ashe na dare. Haka tsarin yake a Alƙahira: manyan likitoci da rana suna asibitin jami'a ko ɗakin tiyata, da dare su buɗe "iyada", ɗakin ganin marasa lafiya na kansu, a cikin benen da mutane ke kwana. Ka ɗaga kai ka ga alluna rataye a barandu tun daga hawa na ɗaya har inda ido ya gaji, na haƙori a kan na ido, na ido a kan na ƙwaƙwalwa da laka. Ka biya kuɗin "kashf" wurin wani mutum mai littafi a bakin ƙofa, kuma in ka dawo bita cikin 'yan kwanaki, "istishara" ke nan, ba a sake karɓar cikakken kuɗi. Ɗakin jiran cike yake maƙil da Sudanawa, 'yan Yaman, 'yan Libiya, da manoman kudancin Masar masu faffaɗar jallabiya, kowa rungume da irin babban ambulan ɗin nan na hoto. Rabin mutanen a tsaye suke alhali ga kujeru, da ganin haka ka san ciwonsu ɗaya. Duk wanda ya shigo sai a ce masa "alf salama". Na gwada Larabcin Islamiyyata a kan wani dattijo, ya saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce sadaƙallahul azim.

A nan na koyi sunayen abin. Zamewar guringuntsin suna ce mata "inzilaƙ gudurufi", ko a taƙaice "gudruf". Ciwon da ke bin ƙafa kuwa "irƙun nasa", tsohon suna ne da ke cikin Alƙanun na Ibn Sina da littattafan ɗibbu. Mutane da yawa na ɗauka "nisa" ne, jijiyar mata, har wani ɗan Sudan ya tsokani Yaya da hakan. Wasu kuma na cewa daga mantuwa aka samo sunan, don yana mantar da kai duk wani ciwo. Yaya ya ce wannan fassarar ya yarda da ita.

Mun shiga wajen ƙarfe ɗaya saura. Yaya ya miƙa ambulan, farfesan ya karɓa ya ajiye a gefe bai buɗe ba. "Ya Hag, nuna mini da yatsa ɗaya inda yake bi." Ya sa shi tafiya a kan dunduniya zuwa bango, ya dawo a kan yatsu. Ya sa ya danna babban yatsa sama yana danne shi da hannu. Ya ƙwanƙwasa gwiwa da bayan idon sawu da 'yar guduma, na dama ya zabura, na hagu ya yi lum. Ya bi fatar ƙafar da tsinken allura yana tambaya nan fa, nan fa. Sannan ya kwantar da shi rigingine, ya kama dunduniyar hagu ya ɗaga ƙafar a miƙe sannu a hankali. Ba ta kai rabin hanya ba Yaya ya yi salati. Sai tambayoyin da ɗalibin ya fassara kansa a sunkuye: fitsari na fita daidai? Bayan gida na kufcewa? In ya yi tsarki yana jin ruwa a wurin? Sai bayan duk wannan ya ce ai ya san abin da ke cikin ambulan, tsakanin L5 da S1 ne, ɓangaren hagu. Ya buɗe, haka ɗin ne.

Bayanin da ya yi, da Hausa na fi gane shi. Tsakanin ƙashin gadon baya da ɗan uwansa akwai gammo, guda 23 ne gaba ɗaya. Bayan gammon zobba ne masu tauri kamar ɓawon albasa a kan juna, cikinsa kuma abu ne mai laushi kamar kunun da ya daskare. Ƙasusuwan kwankwaso biyar su ke ɗauke da nauyin gangar jiki, kuma gammo biyu na can ƙasa su suka fi shan wuya, a nan ake samun kusan tara cikin goma na wannan matsala. Da shekaru gammon na bushewa, zobban su yi ta tsattsagewa a ɓoye, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Atishawar ƙarasawa kawai ta yi. Abin cikin ya ɓullo ya taɓa saiwar jijiya, kuma ba dannewar kaɗai ke sa zafi ba, shi kansa abin yana kumbura jijiyar kamar an zuba mata barkono.

Sai ya zo inda Yaya ba ya son ji. Jiki na ɗaukar abin da ya ɓullo a matsayin baƙo, ya aiko ƙwayoyin jini su cinye shi a hankali. Wanda ya fi fitowa waje sosai, wanda ya fi ban tsoro a hoto, sau da yawa shi ya fi saurin narkewa. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako shida zuwa goma sha biyu ba tare da wuƙa ba. Game da ƙullutun da aka nuna mana da biro kuwa, ya ce a Amurka a 1994 an sa mutum 98 da ba abin da ke damunsu a cikin injin MRI, aka samu fiye da rabinsu gammonsu ya bultso, sama da kashi ɗaya cikin huɗu kuma ya zame, suna ta harkokinsu ba su sani ba. "In na fito titi na kamo direbobin tasi goma na yi musu hoto, zan sami abin yankawa," in ji shi. Kusoshi na da ranarsu, idan ƙashi na gocewa a kan ƙashi ko gadon bayan ba ya tsayuwa daram. Na Yaya daram yake.

"To ni wuƙa na zo nema," in ji Yaya, "daga Kano."

Farfesan bai musa ba. Ya ce in zafin ya gagari haƙuri zai yi, kuma aikin da ya dace ƙarami ne, a cire ɓallin da ya fito kawai a bar sauran. Sai dai Yaya ya san abin da zai saya: sauƙi da wuri. A Holan an raba marasa lafiya 283 gida biyu, wasu aka yi musu aiki nan da nan, wasu aka ce su jira, aka buga sakamakon a 2007. Waɗanda aka yi wa aiki sun riga samun sauƙin ƙafa, amma da shekara ta zagayo an yi kunnen doki, wajen kashi 95 cikin ɗari na kowane gida sun warke. Daga baya na karanta da kaina cewa kusan huɗu cikin goma na masu jiran sun gaji a hanya sun karɓi wuƙar, don haka jira ba kowa yake wa daɗi ba. Ita ma wuƙar da nata: ɗinki na iya ruɓa, rigar jijiyoyi na iya yagewa, kuma wajen mutum ɗaya cikin goma gammon na sake zamewa a wurin. Ya ce a gwada allura a baya da gashi na mako biyu, in ba a ga alama ba a sake zama. Tsimin basir da haɗin kemis ya ce a zubar. Diklofenak a sha na ɗan lokaci, bayan abinci, don yana cin ciki da ƙoda. Firegabalin kuwa an gwada shi a Ostareliya a kan wannan ciwo, aka buga sakamakon a 2017, bai fi ƙwayar bogi ba sai jiri da ya ƙara wa mutane.

Ɗaga ƙafar nan ya tsaya mini a rai. Littattafan likita suna jingina gwajin ga wani Bafaranshe, Lasègue, na ƙarni na 19. Amma akwai wata takardar tiyata ta Misirawan dā, kwafin da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, mai ɗauke da larura 48 tun daga ƙoƙon kai zuwa ƙasa. Ta ƙarshe mai ciwon gadon baya ce: a sa shi ya miƙe ƙafafu, in ya yi maza ya naɗe su don zafi, to an gane. Marubucin ya fara bayanin magani, ya ce a kwantar da shi rigingine, sai ya ajiye alƙalami a tsakiyar jimla, bai ƙarasa ba. Na so in gan ta da idona, sai na ji ba ta ma ƙasar. Wani Ba'amurke, Edwin Smith, ya saye ta a Luksor a 1862, yanzu tana New York. Danganta ciwon ƙafar da zamewar gammo kuwa bai kankama ba sai 1934, da likitoci biyu na Boston, Mixter da Barr, suka buga bayaninsu. Kafin nan in an buɗe baya an ga ɓallin, ƙari ake ɗaukarsa.

Kada a ɗauka farfesan tsoron wuƙa yake. A daren nan akwai wani saurayi ɗan Sudan a ɗakin jira wanda silifas ɗinsa na dama ke ta zamewa. Duk taku sai ya ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kwata, tafin ya faɗi ƙasa ɓat. Shi bai ma cika kukan zafi ba. Ya shiga bayanmu, ko minti goma ba a yi ba aka fito ana waya, da asuba aka shiga da shi. Ƙafar da ta fara mutuwa ba a jira da ita. Haka in fitsari ya tsaya ko ya kufce, ko matse-matsi da wurin zama suka mutu. Laka tana ƙarewa ne a saman kwankwaso, daga nan jijiyoyi ke zubowa kamar gashin wutsiyar doki, haka ma likitoci ke kiran wurin. In gammo ya faɗo a kansu gaba ɗaya, da awa ake lissafi, wanda ya kwana biyu yana shan tsimi yana iya ƙare rayuwarsa da robar fitsari. Wannan ne dalilin tambayoyin da suka ba ɗalibinmu kunya.

Mun je gaishe da saurayin kwana ɗaya bayan aikin, muka tarar da shi yana takawa a baranda riƙe da ƙanensa. Ya ɗaga riga ya nuna mana filasta da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Da madubi mai ƙara girma ake yin aikin, dabarar da Gazi Yaşargil, Baturke a Zurik, da Wolfhard Caspar a Jamus suka bayyana a 1977, wasu kuma yanzu da bututu mai kyamara suke shiga, Misirawa na ce masa "minzar". Zafin ƙafarsa ya tafi tun a kan gadon, amma tafin bai tashi ba tukuna, an ce sai watanni, kuma ba a yi masa alkawari ba. Yaya dai filastar yake kallo, irin kallon da yaro ke yi wa kayan sallar ɗan maƙwabta.

Allurar ba ta ɗauki minti ashirin ba. Aka kwantar da shi rub da ciki, ana kallon bakin allurar a allo har ta isa gefen jijiyar, aka zuba kotizon da maganin kashe zafi. An gaya mana tun farko ba ta mayar da gammo wurinsa, kumburin take kwantarwa na wasu makonni, ta ba mutum damar motsi kafin jiki ya gama nasa aikin, kuma mai ciwon suga ya kula don tana ɗaga shi. A dare na uku Yaya ya yi barcin awa shida a jere. Ni ne ban runtsa ba, don munsharin da na manta yana da shi.

Gashin su "ilag ɗabi'i" suke ce masa. Yaya ya zaci injuna ne da tausa, sai ga wani matashi ya shimfiɗa shi rub da ciki ya ce ya dogara a gwiwar hannu ya ɗago ƙirji, ƙugu na ƙasa, sau goma, a huta, a sake. Salon wani mai gashi ne ɗan New Zealand, Robin McKenzie, kuma ba kowane baya yake karɓarsa ba, shi ya sa ake gwadawa a gaban mai sani. Kullum tambayar matashin ɗaya ce: yau ciwon a ina ya tsaya? Ranar farko a yatsa. Bayan kwana biyar a sha-raɓa. Ranar da Yaya ya zo yana mita cewa yanzu kuma kwankwaso ne ke masa ciwo fiye da dā, yaron ya tafa hannu ya ce mabruk. Ciwon da ke janyewa daga ƙafa yana komawa tsakiya gida yake komawa. Ya hana shi kwanciyar wuni da ya saba tun Kano, ya ce ya yi tafiya, kada ya zauna ya wuce rabin awa, in zai ɗauki ko buta ce ya durƙusa da gwiwa.

Da yamma muke fita. Da farko zagayen bene, daga baya har titin Mu'izz, inda muka tsaya a ginin Sultan Ƙalawun, wanda ya gina asibiti a nan wajen 1284. Abin da ya fi yi wa Yaya nauyi salla a kujera ne. A Kano ya daina zuwa jam'i don kada a gan shi a zaune kamar tsoho. A masallatan Alƙahira kuwa kujerun roba jere suke a gefen sahu, ga ƙarti majiya ƙarfi a kai, ba mai waiwayen kowa. A can ya koma sahu.

A jirgin dawowa, wanda Yaya ya yi rabinsa a zaune, na yi ta lissafi. Kusan duk abin da farfesan ya yanke, likitan Kano ya riga ya faɗa, har adadin makonnin. Na Kano dai a minti biyar ya faɗa, da layin mutane a bayanmu har waje, wancan kuma ya ba mu minti arba'in, ya sa hannu a ƙafar, ya nuna mana a shirye yake ya yanka in an buƙata. Allurar da gashin duk ana yin su a gida. Ban da tabbas ma ko su ne suka yi aikin, ko makon da za a samu sauƙin ne ya zo ya same mu a Masar. Na fara faɗa wa Yaya haka, ya ce, "Kai dai ɗan boko, ba ka taɓa barin abu ya yi daɗi." Na yi shiru, don ba a ƙafata minjiryar ta kwana ba.

Majalisa ta cika ranar da Yaya ya fara fitowa. Aka yi barka, aka yi addu'a, sai wani ya ce Alhaji a nuna mana wurin ɗinkin mana. Yaya ya juya ya ɗaga riga. Suka matso suna dubawa, da ƙyar aka gano ɗigon allurar, kamar cizon sauro. Aka yi jim. Ya ce musu ƙaramin yatsan har yanzu kamar ba nasa ba, an ce zai iya ɗaukar watanni, kuma in ƙafar ta fara ja ko fitsari ya canza, a ranar zai nemi asibiti. Mai tsimin da ke can gefe ya gyara zama ya ce, "To shi basir ɗin, me suka ce a kansa?"